An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Ga Mai Son A Kawar Da Alamun Hanya Daga Wasannin Bidiyo

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya a kan wasannin bidiyo na zamani, inda ya ɗora alhakin lalacewarsu kacokan a kan alamun nuna hanya. Yana nufin kibiyar da ke shawagi a saman allo, da ɗigon da ke ƙyalli a taswira, da layin da ake shimfiɗa wa mai wasa daga inda yake tsaye har ƙofar inda aka aike shi. A ganinsa waɗannan abubuwa sun mayar da mai wasa ɗan aike, ba ya kallo, ba ya tunani, sai bin kibiya. Ya ce duk wanda ya san darajar wasa ya shiga saiti ya kashe su, ya kuma yi kira ga kamfanoni su daina saka su baki ɗaya. Masu barin su a kunne kuwa, ya kira su malalata masu jiran a tauna a ba su.

Rubutun ya yi daɗin karatu, kuma a bayyane yake mai shi yana ƙaunar abin da yake magana a kai. Ni ma ina ƙaunarsa, shi ya sa ba zan yi shiru ba. Matsalar da ya hango akwai ta, amma ya bar jaki yana dukan taiki. Shawarar da ya kawo ba za ta gyara wasa ko ɗaya ba, kuma in aka bi ta, mutane da yawa, cikinsu har da namu, za a rufe musu ƙofa.

Bari mu fara da shawararsa mafi sauƙi, wato a kashe alamun. Babbar hujjarsa ita ce Morrowind, wasan da kamfanin Bethesda ya fitar a 2002, kuma ya iya zaɓen hujja. A farkon wasan ana sauke ka daga jirgin ruwa a wani ɗan ƙauyen bakin teku mai suna Seyda Neen. Wani jami'i ya miƙa maka ƙunshin takardu, ya ce ka kai wa wani mutum, Caius Cosades, a garin Balmora. Babu kibiya, babu ɗigo. Abin da aka gaya maka kawai shi ne in ka isa garin ka nemi wata mashaya da ake kira South Wall, ka yi tambaya a can. Kana iya biyan kuɗi ka hau wata ƙatuwar halitta mai dogayen ƙafafu da ke jigilar fasinja, ko ka taka a ƙasa kana karanta allunan da aka kakkafa a mararraba. Ka shiga Balmora, ka tarar kogi ya raba garin biyu, ka haye gada, ka sami mashayar, ka tambayi mai ita, ya kwatanta maka gidan. Kafin ka tura ƙofar Caius ka riga ka san garin da ƙafarka. Wannan daɗi ne na gaske, ban musa ba.

Abin tambaya shi ne me ya sa hakan ya yiwu. Ya yiwu ne domin tun daga tushe an gina wasan don a bi shi da kwatance. Kusan duk wanda ka tare a titi kana iya tambayarsa wani wuri, ko wani mutum, ko inda ake sayar da kaza. Hirar wasan a rubuce take, saboda haka marubutansa ba su ji tsoron zuba sakin layi guda cur a kan hanya ɗaya ba: ka bi kogi, ka bar dutse a hagunka, in ka ga gada ka karkata. Mutanen wasan kuma galibinsu ba sa barin inda aka ajiye su, don haka in an ce wane yana gida kaza, to can za ka same shi.

Yanzu ɗauki Skyrim, na kamfanin nan dai, wanda ya fito a 2011, ka bi shawarar ɗan'uwana ka kashe kibiyar. Wani zai tare ka ya ce an sace masa kaya an kai wani kogo, ya ƙara da cewa ya sa maka alama a taswira. Shi ke nan maganar ta ƙare. Ka buɗe littafin aikenka, layi ɗaya ne ko biyu. Ka zagaya gari, babu wanda za ka tambaya hanya, domin ba a rubuta wa kowa amsar wannan tambayar ba. Akwai dalilai. Tun daga Oblivion na 2006 kamfanin ya koma sa wa kowace magana murya, kuma kowane layi na murya kuɗi ne: a ɗauko ɗan wasan kwaikwayo, a shiga ɗakin naɗa, sannan a sake yi da Faransanci da Jamusanci da sauransu. Dogon kwatance ya zama abu mai tsada. Tun daga wannan wasan kuma aka ba mutanen ciki tsarin rayuwa, suna tashi, suna zuwa aiki, suna shiga mashaya, suna kwanciya, ba sa zama wuri ɗaya. A Skyrim an ƙara wani tsari da ke ƙirƙiro ƙananan aike da kansa, ya zaɓi kogo daga cikin kogunan duwatsu masu yawa a lokacin da kake wasan. Muryar da aka naɗa shekara guda kafin nan ba ta da yadda za ta kwatanta wurin da ba a riga an zaɓa ba. Kibiyar ta zo ne ta cike giɓin da waɗannan shawarwari suka bari.

Kowa ya san yadda ake kwatanta gida a cikin birnin Kano: ka shigo ta Ƙofar Mata, ka wuce marina, in ka ga masallaci ka shiga lungun dama, ka tambayi masu zama a dakali. Wannan kwatance yana aiki ne domin akwai ƙofa, akwai marina, akwai masallaci, akwai kuma mutanen dakali. Ka ɗauki baƙo ka ajiye shi a sabon rukunin gidaje, fenti iri ɗaya, ƙofa iri ɗaya, ba kowa a waje, sannan ka karɓe wayarsa ka ce ya nemo gida. Ba ka koya masa gari ba, ɓatar da shi kawai ka yi. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma sai in akwai wanda za a tambaya. Wanda ya kashe kibiya a Skyrim ba Morrowind ya samu ba, Skyrim ya samu wanda aka cire wa ƙafa ɗaya.

Sannan akwai abin da ɗan'uwana ya tsallake game da Morrowind ɗin kansa. A cikin aiken farko-farko na babban labarin, ana tura ka ka samo wani ɗan ƙaramin akwati a kangon Arkngthand. Akwatin bai fi dunƙulen hannu ba, launinsa ya saje da tarkacen wurin, kuma an ajiye shi a kanta ta ƙasa a wani ɗaki da ba shi da nisa da ƙofar shiga. Mutane da yawa sun wuce shi, suka nutsa can cikin kangon suna bulayi, har yau tsofaffin 'yan wasan ba su manta da shi ba. Wace basira aka koya a wannan wahala? Babu wata alama a duniyar wasan da mai hankali zai karanta ta kai shi wannan kantar. Littafin aiken wasan ma da farko a jere yake bisa kwanan wata, aike goma sun cakuɗe wuri ɗaya, sai da ƙarin Tribunal ya fito a ƙarshen shekarar aka ba da damar rarrabe su. Kar kuma a manta, cikin kwalin wasan akwai taswirar takarda da mutum ke shimfiɗawa a gefensa.

Haka abin yake tun can baya. The Legend of Zelda na farko, wanda ya fito a Japan a 1986, ana yawan ambatonsa a matsayin wasan da bai riƙe wa kowa hannu ba. Amma a cikinsa akwai ƙofar wani babban mataki da aka ɓoye a ƙarƙashin wani ɗan itace guda, sai ka ƙona shi da kyandir za ka gan ta. Da wasan ya isa Amurka, da taswira ya zo a cikin kwali. Kamfanin Nintendo ya buɗe layin waya ya zuba ma'aikata suna amsa wa yaran da suka maƙale, ya kuma fara buga mujallar Nintendo Power a 1988, cike da taswirori da asiran wasanni. Taimakon hanya bai taɓa rabuwa da wasannin bidiyo ba. A da yana wajen wasan ne, a takarda da waya da bakin abokai, wani lokacin ma sai ka biya kuɗi. Zamanin da ɗan'uwana ke kewa, wanda kowa ke gano komai da kansa, ba a taɓa yin sa ba.

Hujjarsa ta biyu Elden Ring ce, ta kamfanin FromSoftware na Japan, wadda ta fito a Fabrairun 2022, ta sayu kwafi miliyan 12 cikin makonni uku na farko, ta kuma lashe kyautar wasan shekara. Ya ce ga shi nan, babu kibiya, duniya kuma ta yi rububinsa. Ina roƙonsa ya sake kunna wasan daga farko, ya dubi abin da ke gabansa lokacin da ya tura ƙofar nan mai nauyi ya fito filin Limgrave. Ga wata ƙatuwar bishiya ta zinariya ta cika sama, wadda daga kusan ko'ina a doron ƙasar wasan kana hango ta. Ga fada a kan tsauni. Ga rusasshen coci a gabanka, daidai inda ido zai faɗa. Ga ɗigon haske a ƙasa, wani zare na haske yana tashi daga jikinsa yana karkata gefe guda. Ga kuma wani mutum mai farin abin rufe fuska a tsaye kusa da shi, yana gaya maka ƙarara cewa ka bi hasken nan, zai kai ka fadar Stormveil. In ka buɗe taswira, wannan zaren hasken yana nan an zana shi. Kai da kanka kana iya dasa alama a taswira, ta zama ginshiƙin shuɗin haske a fili, ta bayyana a kamfas ɗin da ke saman allo. Wannan duk mene ne in ba nuna hanya ba? An dai yi shi da gwaninta, an saka shi cikin labarin, har mutum ba ya jin ana jan sa.

Inda Elden Ring ta ƙi nuna hanya da gaske, wato a ƙananan labaran mutanen da kake haɗuwa da su, a nan ne aka fi kuka da ita. Mutum zai yi maka magana sau ɗaya, ya tashi ya koma wani lungu na ƙasar mai faɗin gaske, babu littafin da ya rubuta maka abin da ya ce. Ba a cika wata ɗaya da fitowar wasan ba, a Maris na 2022, kamfanin ya fitar da gyara mai lamba 1.03 wanda ya sa sunaye da alamun mutanen da ka haɗu da su a kan taswira. Su da kansu suka ga akwai giɓi. Duk da haka, 'yan wasa da yawa da suka kammala dogon labarin ɗaya daga cikin mutanen nan mai suna Ranni, da waya a gefe suka yi, suna kallon YouTube suna bin mataki-mataki. Kibiyar ba ta mutu ba, ta tashi daga allon talabijin ta koma allon waya, inda babu ko kyan gani, kuma sau da yawa sai an fallasa maka ƙarshen labari kafin ka sami abin da kake nema. Ga mu nan kuwa, wannan kibiyar da data ake sayenta.

Breath of the Wild na 2017 ma, da ya ambata a taƙaice, yana da ɗigon rawaya a taswira don babban labarinsa, yana da na'urar da ke ƙara idan ka kusanci ɗakin gwaji. Masu ƙera shi sun bayyana a wani taron masu sana'ar a Japan a wannan shekarar yadda suka riƙa tsara tuddai da duwatsu masu siffar dala, don su ɓoye abu su kuma bayyana shi a daidai lokacin da suke so, su ja mai wasa ba tare da ya sani ba. Aiki ne na shekaru, ba maɓalli ba ne da ake latsawa a saiti.

Akwai inda nake tare da shi ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya taɓa buɗe taswirar birnin Paris a Assassin's Creed Unity na 2014 ya ga abin takaici: alamu sun yi cincirindo har titunan ba sa ganuwa, akwati a nan, akwati a can, kamar jerin bashin da ake bin ka. The Witcher 3 na 2015, wasan da nake ganin girmansa ƙwarai, an gina masa birnin Novigrad da kasuwanninsa da tashar jiragen ruwansa, sannan aka sa ɗigo-ɗigon layi a 'yar taswirar kusurwar allo, sai ka ga mutum ya ratsa birnin gaba ɗaya idonsa na kan kusurwa. Wannan asara ce. Amma a dubi inda cutar Unity take. Kamfani ya gina babban gari, ya rasa abin da zai cika shi da shi, sai ya watsa ɗaruruwan abubuwa iri ɗaya. In ka goge alamun, abin da ya rage shi ne ɗaruruwan abubuwa iri ɗaya masu wuyar samu. Alamar ta tona asirin ƙarancin abin da ke ciki ne kawai.

Ya kuma kawo binciken kimiyya, na direbobin tasi na Landan. Binciken gaskiya ne: a 2000 Eleanor Maguire da abokan aikinta a University College London sun nuna cewa wani ɓangare na ƙwaƙwalwa da ke kula da sanin wuri ya fi girma a wajen direbobin, waɗanda ke shafe shekaru suna haddace tituna kusan 25,000 kafin a ba su lasisi. Zan ma ƙara masa wani: a 2017 masu bincike a wannan jami'a sun ga cewa wannan ɓangare yana motsawa sosai idan mutum na neman hanya da kansa a titunan unguwar Soho, yana kuma lafawa idan umarni kawai yake bi. Abin da za a iya ɗauka daga nan kaɗan ne, kuma na karɓe shi: mai bin kibiya ba ya sanin gari kamar mai neman hanya da kansa. Sai dai binciken direbobin magana ce ta sana'ar shekaru a titunan gaske, bai taɓo wasan bidiyo ba. Kuma ba kowa ne ya kunna wasa don ya haddace gari ba. Wani labari ya kawo shi, wani faɗa, wani tsere da mota, wani kuwa so yake ya huce gajiyar yini. Ba hurumin ɗan'uwana ba ne, ba kuma nawa ba ne, mu yanke wa mutum irin daɗin da ya halatta ya nema a abin da ya saya da kuɗinsa.

Nan ne na zo kan abin da ya fi sosa mini rai, kalmar malalata. Ɗan'uwa, da Hausa ka yi rubutun nan, Hausawa ka yi wa. Cikin duk wasannin da ni da kai muka ambata, babu ko ɗaya da ya fito da Hausa. Kwatancen Morrowind da kake yabo, dogayen sakin layi ne na Turanci, cike da ƙirƙirarrun sunaye masu karya harshe. Ka tuna gidajen gem na unguwanninmu a zamanin PlayStation 2, in an gaji da ƙwallo aka saka GTA San Andreas na 2004. Mutanen cikin wasan suna zuba Turancin 'yan titin Amurka, wanda ko mai digiri sai ya kasa kunne. Yaron da ke riƙe da hannun gem bai ji kashi ɗaya cikin goma ba. Amma ya san harafin S a da'irar taswira gidan wani mai suna Sweet ne, ya san in ya shiga jan da'irar nan mishan zai fara, ya san ɗigon rawaya can ake so ya kai motar. Da waɗannan ya ratsa Los Santos, ya haye San Fierro, ya isa Las Venturas, yana biyan kuɗin kowane zama daga aljihunsa, yana addu'ar kar a ɗauke wuta kafin ya ajiye ci gabansa. Wannan yaro ba malalaci ba ne. Alamun nan su ne yaren da wasan ya iya yi masa magana da shi. Haka ɗan'uwansa na Maraɗi ko Damagaram da ya yi boko da Faransanci aka kawo masa faifai na Turanci. Cire su, ka mayar da wasan na masu Turanci zalla.

Ka kuma tuna magidancin da ya dawo daga kasuwa ko ofis, ya sallami iyali, ya sami ɗan lokaci kafin barci, man janareta kuma ba kyauta ba ne. Ya ajiye wasan mako biyu saboda hidima, ya dawo ya manta wa ya aike shi, ina aka ce ya je. In wasan ba shi da abin da zai tuna masa, ɗan lokacin nan a yawon banza zai ƙare, gobe kuma ba zai kunna ba.

Sai waɗanda ko kusa maƙalar ba ta tuna da su ba. A 2020 kamfanin Naughty Dog ya fitar da The Last of Us Part II da zaɓuɓɓuka fiye da 60 don masu buƙata ta musamman. A cikinsu akwai maɓallin da in ka danna zai juya ka ya fuskantar da kai inda ya kamata ka nufa, da sautuka masu gaya maka ga abin ɗauka, ga wurin tsallakawa, ga maƙiyi, da murya mai karanta rubutun allo. Da waɗannan, makafi suka buga wasan daga farko har ƙarshe ba tare da mai ido ya karɓi hannun ba. Wannan ma taimakon hanya ne, irin wanda ake kira a kawar. Akwai kuma masu raunin gani, da waɗanda ba sa bambance launi, da waɗanda Allah ya yi su ba sa riƙe hanya ko a garinsu. Kira ga kamfanoni su daina saka alamu kira ne a sallami duk waɗannan, ko da mai kiran bai nufi haka ba.

Kamfanonin nan ba don raina hankalin mutane suke saka alamu ba. Suna zaunar da mutane su buga wasan kafin ya fito, suna kallon inda suke maƙalewa. Ma'aikatan Valve sun ba da labari a cikin sharhin da suka haɗa da Half-Life 2: Episode Two na 2007, cewa sun taɓa kallon wani mai gwaji yana zagaya rami ɗaya har kusan rabin sa'a, yana maimaita kwana ɗaya bai gane ba, dole suka sauƙaƙa wurin. Rawayan fentin da aka yi ta cece-kuce a kansa a sabon Resident Evil 4 na 2023 da Final Fantasy VII Rebirth na 2024 daga nan ya samo asali: zanen wasanni ya yi kyau ya cika da tarkace har ido ba ya bambance dutsen da ake hawa da wanda aka ajiye don ado. Ni ma fentin bai burge ni ba, ina ganin gajeriyar hanya ce aka bi. Amma matsalar da yake magancewa ba ƙirƙirarta aka yi ba.

Abin da ya kamata mu nema ya fi abin da ɗan'uwana ya nema wuya, kuma an riga an nuna yana yiwuwa. Assassin's Creed Odyssey na 2018, na kamfanin Ubisoft ɗin nan da ya cika Paris da alamu, yana tambayarka tun farko: a nuna maka wurin kai tsaye, ko a ba ka kwatance? In ka zaɓi kwatance, za a ce maka wurin yana yanki kaza, kudu da wuri kaza, kusa da abu kaza, kai ka nemo. Don wannan zaɓi ya yi aiki, sai da aka zauna aka rubuta wa aike-aiken kwatancensu, aikin da Skyrim bai yi ba. Ghost of Tsushima na 2020 ya mayar da kibiyar iska: ka shafa yatsa a kan hannun gem, iska ta taso ta kwantar da ciyawa, ta kwashi ganyaye zuwa inda ka nufa, idonka na kan duniyar wasan, ba a kusurwa ba. Tsuntsu mai ruwan zinariya ya ja ka wani wuri, yanyawa ta ja ka wani. Outer Wilds na 2019 ba ya gaya maka inda za ka, amma kwamfutar jirginka tana rubuta duk abin da ka gano, tana haɗa wannan da wancan, tana kuma nuna maka wurin da ba ka gama bincikawa ba, saboda haka ko ka yi wata ba ka kunna ba, ba ka rasa zaren ba. Star Wars Outlaws na 2024 ya ba da damar kashe rawayan fentin ga wanda ba ya so. Ko ɗaya cikin waɗannan bai bar mai wasa a daji ba, ko ɗaya kuma bai tilasta masa kibiya ba.

Saboda haka ina kira ga ɗan'uwana marubuci, cikin girmamawa, ya janye kalmar malalata, domin ta faɗa kan mutanen da ba su cancance ta ba. Ya juya alƙalaminsa kan kamfanoni, ni ma zan taya shi. Mu ce musu su gina duniyar da ake iya karantawa da ido, su sa wa garuruwansu abubuwan da ake kwatance da su, su rubuta wa mutanen ciki amsar mai tambayar hanya, su daina cika taswira da tarkace don a ce wasa ya yi tsawo. In sun yi wannan, su bar kibiyar a saiti, mai so ya kunna, wanda ba ya so ya kashe. Kai kuma mai karatu, in wasan da ke hannunka an gina shi yadda za a bi shi da kwatance, gwada kashe alamun ko na dare ɗaya ne, akwai daɗin da ba ka sani ba a ciki. In ba a gina shi haka ba, ko lokacinka bai ba ka dama ba, bar kibiyarka a kunne ka ci gaba da wasanka, ba ka yi laifin komai ba.